Wasan Lissafi a Na'ura da Yaran Ƙetaren Gada



An nemi mu yi magana a kan wasannin koyon lissafi da ake ɗora wa ƙananan yara a kwamfuta da wayar hannu. Mun ga ya fi kyau mu kafa maganar a wuri guda da muka sani, watau Kaduna ta kudu da kogi, su Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa. Mutanen wannan yanki ba baƙin inji ba ne. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, nan kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. KTL ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi sahu, kuma jikokin waɗancan masaƙa ne yau suke cike da azuzuwan firamare. Su ake cewa a miƙa wa sabon inji domin su iya ƙidaya.

Abin da wasan yake yi ba boyayye ba ne. Yana nuna wa yaro mangwaro bakwai, ya ce ya cire uku. In ya yi daidai ya wuce gaba, in ya kuskure a nan take a maimaita masa, ba tsawa, ba bulala, ba kuma 'yan aji da za su yi masa dariya. Malamin da yara suka yi wa yawa ba zai iya wannan ba ko da ya so. Amma tun da daɗewa masana suka rabu biyu. Akwai irin su Math Blaster, wanda ya fito a Amurka a 1983, inda yaro ke harbo amsa, watau haddar jadawali ce aka yi wa kwalliya. Akwai kuma hanyar Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Logo a 1967. A nan yaron ne ke ba na'ura umarni, ya tura ɗan kunkuru ya zana murabba'i, har ya gano ma'anar kusurwa da kansa.

To, shin abin yana aiki? Ƙasar Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kwamfuta guda ga kowane yaro, shirin da aka gwada a makarantar Galadima ta Abuja a 2007. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwarewa a lissafi ko karatu ba. A Malawi kuwa, binciken Jami'ar Nottingham da aka buga a 2015 ya nuna yaran da suka yi mako 8 suna wasan ƙungiyar onebillion, rabin sa'a kullum, sun zarce takwarorinsu. A ganinmu bambancin a fili yake. A Peru an raba inji ne aka juya baya. A Malawi wasan ya bi manhajar makaranta daki-daki, akwai babba a ɗakin, kuma muryar da ke cikin na'urar da harshen Ciciwa take magana, harshen da yaran ke ji a gida.

Wannan batu na harshe shi ne ya fi damunmu. Ɗan shekara shida a Makera, ko Bahaushe ne, ko Bagwari, ko Bajju, mai yiwuwa da Hausa yake sayo gishiri a kasuwa ya kuma ƙirga canji. In aka ba shi wasa da Turanci, an ɗora masa kaya biyu, lissafi da baƙon harshe, in ya faɗi kuma a ce lissafi ne bai iya ba. Alhali kuwa ƙidayar Hausa ta fi ta Turanci sauƙi a nan. Goma sha biyu ta faɗi abin da ke cikinta, goma da biyu, kalmar Turanci kuwa ta ɓoye shi. Tsofaffinmu na cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, watau ɗebewa tana cikin sunan lambar tun kafin yaro ya ga allo. Ga dara, ga carafke, duk ƙirga ne da dabara. Bari ma mu tuna cewa Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi da har yau masana tarihin lissafi ke ambata.

Kada kuma a ɗauka inji zai maye gurbin malami. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malamai 21,780 cikin kusan 33,000 sun faɗi jarrabawar da aka yi musu. Ko me mutum zai ce game da yadda aka gudanar da ita, kuma an ce da yawa, na'ura a hannun malamin da ba a horar ba a kabad take ƙarewa. Ga wuta, ga gyara, ga ɓarayi.

Ku ma'aikata, wata rana takardar kwangilar sayen waɗannan na'urori za ta iso teburinku. Kafin ku sa hannu ku tambaya da wane harshe take magana, wa zai yi mata caji, wa zai gyara ta in ta lalace, kuma a wace makaranta aka gwada ta aka auna sakamako. Mu ɗalibai kuwa, musamman na sashen lissafi, na kwamfuta da na Hausa, muna ba ƙungiya shawara ta kafa ɗan kwamiti da zai rubuta wasa guda na ƙidaya daga 1 zuwa 20, da muryar Hausa, wanda zai yi aiki a tsohuwar waya ba tare da intanet ba. A nemi izinin hukumar ilmi, a kai shi aji guda a Kakuri a hutu mai zuwa, a gwada yaran kafin a fara da kuma bayan an gama.