Ranar da Janareta Ya Mutu: Darasi Daga Waƙoƙin Baƙar Fatan Amurka

Yau hirarmu a kan waƙa ce, amma ba irin ta gidan biki ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Kwanakin baya mun fita wani gangami kan tsadar rayuwa. An ɗora lasifika a bayan a-kori-kura, ana sakin waƙoƙi daga waya, kowa jininsa na tafasa. Can sai janareta ya mutu. Wallahi tsit kake ji! Ashe ba mu da waƙa ko ɗaya da za mu iya rerawa tare da bakinmu. Kafin ka ce kwabo, mutane sun fara sulalewa. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na koma bincike kan yadda baƙar fatan Amurka suka yi amfani da waƙa lokacin da suke neman 'yancinsu a shekarun 1950 da 1960.

Ku ɗauki "We Shall Overcome". Ba wani tauraro ne ya fitar da ita daga situdiyo ba. Tushenta waƙoƙin coci ne, sannan ma'aikatan kamfanin taba, akasarinsu mata baƙar fata, suka riƙa rera ta a yajin aikin da suka fara a Charleston a 1945. Daga nan ta isa makarantar Highlander a jihar Tennessee, inda ake horar da 'yan gwagwarmaya. A 1960 Guy Carawan ya koya wa ɗaliban da suka kafa ƙungiyar SNCC ita. Kun ga, koyar da ita aka yi, kamar yadda ake koyar da karatu.

To mene ne amfaninta? Maganin tsoro. A 1961 an kulle matasan da suka shiga motocin haya don karya dokar wariya a kurkukun Parchman da ke Mississippi. Suka yi ta waƙa, masu gadi suka kwashe musu katifu, suka ci gaba a kan ƙarfen gado. A 1962 kuma aka kafa Freedom Singers a Albany, jihar Jojiya, da su Bernice Johnson. Suna yawo gari-gari, suna ba da labarin abin da ke faruwa a Kudu, suna tara wa ƙungiya kuɗi.

Taurari ma sun taka rawa fa. Bayan kisan Medgar Evers a watan Yunin 1963, da bam ɗin da ya kashe yara mata huɗu a wani coci a Birmingham ranar 15 ga Satumba, Nina Simone ta rubuta "Mississippi Goddam" cikin fushi. Wasu gidajen rediyo suka karya faifan suka mayar. Amma ku lura, ita ta zo ta tarar da tafiya a tsare ne, ta ƙara mata wuta.

Ranar 7 ga Maris 1965 aka lakaɗa wa masu maci duka a gadar Selma. Bayan kwana takwas, Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya gaban majalisa ya furta sunan waccan waƙa ta mata masu yajin aiki. A watan Agusta ya sa hannu kan dokar kare 'yancin zaɓe. Waƙa ce kaɗai ta kawo hakan? Ina! Akwai lauyoyi, da masu bi gida-gida suna rajistar masu zaɓe, da waɗanda suka rasa rayukansu. Waƙar dai ita ce igiyar da ta ɗaure tsintsiyar.

Yau matsalolin ba su ƙare ba. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wani muhimmin sashe na waccan doka. A 2015 matasa a Cleveland sun rera amshin "Alright" ta Kendrick Lamar a gaban 'yan sanda, a 2020 kuma duniya ta ga kisan George Floyd. Wato har gobe, idan aka matsa wa mutane, waƙa suke nema. Bambancin shi ne mu yanzu mun fi sauraro da abin kunne, kowa shi kaɗai, a tura a sitatus a yi barci.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Zamanin NEPU, waƙoƙin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja baki da baki suka yaɗu, talaka ya haddace ba tare da data ba.

Ga abin da nake roƙo. Idan kuna da ƙungiya, ko ta unguwa ce mai neman a gyara rijiyar burtsatse, ku zauna ku tsara waƙarku. Gajeriya, mai sauƙin amshi, babu zagi, wadda kaka da jika za su iya ɗauka. Ku riƙa rera ta a kowane zama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: janareta zai sake mutuwa, kuma ranar ce za mu san ko taro muka tara ko tafiya muka gina.