Jawabin Yaye Mata Masu Rakiya a Ojota

 

Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwana da za a yaye yau, barkanmu da wannan rana.

Jihar Legas ta daɗe da yin tanadi don matan da aka ci zarafinsu. Tun 2007 take da dokar hana cin zarafi a cikin gida. A 2014 ta kafa kwamitin kai ɗauki, wanda a 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a doka ya zama cikakkiyar hukuma, DSVA. A asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja kuma akwai Cibiyar Mirabel tun 2013, inda ake duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta. Daga nan Ojota ba nisa.

To amma matar da aure ya kawo daga Katsina ko Maraɗi, ba Turanci ba Yarbanci, wa zai kai ta? Kafin ta sa mayafi ma an ce mata, "Ki yi haƙuri, a rufa asiri." Asirin wa? Yawanci na wanda ya yi ɓarnar ne.

Saboda wannan aka horar da ku. Idan uwa ta ƙwanƙwasa ƙofarku da dare, riƙe da yarinya tana rawar jiki, kada ku ce a bari gari ya waye a yi shawara. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara tun da wuri. Kada a wanke tufafin da ke jikinta, shaida ce. Kada ku tambaye ta me ya kai ta can. A gaban likita ku yi mata tafinta yadda ta faɗa, ba ragi ba ƙari, sannan maganar kada ta kai gidan biki.

Iyayenmu, sulhu tsakanin miji da mata aikinku ne, mun kuma gode. Amma fyaɗe da dukan da ya fitar da jini ba a kashe su a zaure da kuɗin magani. Ina roƙonku, idan waɗannan mata sun nufi hukuma, ku tsaya musu.

Ranka ya daɗe, da izininka za mu fara miƙa takardun shaida. Allah ya yi muku jagora.