A Auna Labari Kafin A Sha Magani

Jawabin da wakilinmu ya gabatar a Gombe, gaban 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal waɗanda suka zo gida hutun Salla.

Ya ku iyayena da 'yan'uwana, a da, in mutum ya komo daga kudu da tumbi, sai a ce Allah Ya buɗa masa. Yau kuwa zance ya juya. Daga Tashar Dukku har cikin Babbar Kasuwa, da kuma cikin wayar da ke aljihun kowa, tallar shayin rage ƙiba ake ji, kowane mai talla kuwa cewa yake bincike ya tabbatar.

Lalle ƙiba abin kula ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, wadda ke share hanya ga ciwon sukari da hawan jini. To, da wannan tsoro ne 'yan talla ke cin abinci. Ku da ke fataucin shanu ba ku sayen sa a bisa bakin dillali, sai kun duba shi da idonku. Haka ya kamata a yi wa labarin magani, a yi masa tambaya uku.

Ta farko: a kan mutum nawa aka gwada, kuma da wa aka kwatanta su? A 2021 an bayyana sakamakon gwajin allurar semaglutide a kan mutum 1,961 har tsawon mako 68. An yi wa wasu allurar gaske, wasu kuwa wadda ba magani cikinta, aka kuma bai wa dukkansu shawarar abinci da motsa jiki. Na farko suka rage kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, na biyu ba su kai kashi 3 ba. Wannan ita ce shaida. Hoton mace guda, jiya da yau, talla ce kurum.

Ta biyu: me ya faru bayan an daina? Waɗanda aka bi sawunsu bayan sun bar allurar nan, cikin shekara guda kashi biyu bisa uku na abin da suka rage ya komo. Shayin da ke sa gudawa da yawan fitsari kuwa ruwa yake fitarwa, kitse yana nan.

Ta uku: wace illa ya yi? A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, mata kimanin 100 suka sami ciwon ƙoda saboda wani tsiro da ya shiga haɗin maganin rage ƙiba. A 2010 aka janye ƙwayar sibutramine daga kasuwannin Turai da Amurka, bayan gwaji a kan mutum kimanin 10,000 ya nuna tana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Duk da haka an sha gano ta a ɓoye cikin shayin da aka ce ganye ne zalla.

Ku sani kuma, lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba ta tabbatar da alkawarin mai talla. Hukumar da kanta takan sa a rubuta cewa ba ta auna da'awar ba.

Saboda haka kafin ku koma bakin sana'a, ku leƙa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko asibitin da ya fi kusa, a auna muku nauyi da tsawo da jini da sukari. Mai tsawon mita 1.7 in ya kai kilo 87 ya shiga sahun masu ƙiba. Mai ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa domin shayi. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba dalili, ya hanzarta ganin likita.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da ku wurin nemanku lami lafiya. Wassalam.