Kuɗinmu a Hannun Hukuma: Jinkirin Mayar da Rarar Haraji da Hanyoyin Gyara Kuskure

Takardar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu lafiya, daga Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, da kuma duk inda neman abinci ya kai mu.

Gabatarwa

Batun da aka ɗora mana shi ne haraji, kuma a cikin harajin ma ɓangaren da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato kuɗin da hukuma ta karɓa fiye da abin da doka ta ɗora wa mutum, da yadda zai karɓo abinsa. Maƙwabtanmu Hausawa kan yi mana barkwanci da shiga sojan Badakkare, shigar da fitarta ke da wuya. To, kuɗin da ya shiga baitulmalin gwamnati bisa kuskure shi ma irin wannan shigar yake yi. Doka ta buɗe masa ƙofar fita, amma mabuɗin ƙofar takarda ce, kuma an yanka mata wa'adi. Wannan shi ne jigon bayaninmu: wanda ya adana takardunsa ya kuma nema a rubuce cikin lokaci, shi ne mai rabon ganin kuɗinsa.

Abin da ya sauya

Ranar 26 ga watan Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya shugabanta. Daga ranar 1 ga watan Janairu, 2026 aka fara aiki da sabon tsarin. Hukumar tara haraji ta tarayya da muka sani da suna FIRS ta koma NRS. An daina cirar haraji daga N800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. N2,200,000 da ke biye ana cirar kashi 15 cikin ɗari, N9,000,000 da ke biye da wannan kashi 18, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura N50,000,000. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba ya biya. An keɓe albashin sojoji daga haraji, haka nan kuɗin fansho, kuma wannan albishir ne ga ƙasar da kusan kowane gida yake da soja ko tsohon soja.

An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowane ma'aikaci, aka kawo rangwamen kuɗin haya a madadinsa: kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce N500,000. Bambancin da ya kamata mu lura da shi shi ne, tsohon rangwamen yana zuwa da kansa, sabon kuwa sai mutum ya bayyana hayar da ya biya ya nuna shaida. Mu mazauna Abuja da Kaduna da Legas da Sakkwato, yawancinmu a gidajen haya muke.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Hanya ta farko ita ce ta albashi. Mu ɗauki misalin ma'aikacin da kuɗin shigarsa, bayan an cire na fansho, ya kama N3,600,000 a shekara. Harajinsa zai zama N438,000. Idan yana biyan hayar N1,000,000 kuma ya bayyana, za a sauke masa N200,000 daga abin da ake lissafa wa haraji, sai harajin ya dawo N402,000. Idan ya yi shiru, N36,000 ta tafi a shekara guda. Wannan kuɗin ya isa ya rage wa iyali nauyin taki a damina, ko kuɗin makarantar yaro a gida.

Hanya ta biyu ita ce kai haraji inda bai kamata ba. Doka ta ce harajin mutum na jihar da yake zaune ne ranar 1 ga watan Janairu na shekarar, ko da a wata jihar yake aiki. Wanda ke kwana a Mararaba yana aiki a Abuja, harajinsa na Jihar Nasarawa ne. Na Suleja na Jihar Neja ne. Wanda ke zaune a cikin Babban Birnin Tarayya, akwai hukumar haraji ta birnin. Mai zaune a Zuru kuwa, nasa na hukumar tara haraji ta Jihar Kebbi ne da ke Birnin Kebbi. 'Yan sanda da jami'an jakadanci nasu na hukumar tarayya ne. Sau da yawa akan yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa ya koma wata jiha, amma ofishin albashi ya ci gaba da aika harajinsa tsohuwar jihar. Ba zai farga ba sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekaru uku da suka gabata, a ce masa babu sunansa a cikin masu biya.

Hanya ta uku ta shafi 'yan kwangila da masu kai kaya da masu ba da hayar gidaje da shaguna. Kafin a biya su, akan cire wani kaso tun daga tushe. A ƙa'idar da ta fara aiki a watan Janairu na 2025, kashi 2 ne ga mai kai kaya, kashi 10 ga kuɗin haya, kuma akan ninka wa ɗan kwangilar da ba shi da lambar haraji. Wannan cirar ajiya ce da za a lissafa wa mutum a cikin harajinsa na ƙarshen shekara. Idan ta zarce abin da ake binsa, rarar tasa ce. Sai dai wanda bai karɓi rasidin cirar ba, ba shi da abin da zai nuna. Ƙa'idar ta wajabta wa mai cirar ya ba da rasidi, don haka neman sa ba roƙo ba ne.

Dalilin jinkiri

Doka ta ce a mayar wa mai haraji rarar kuɗinsa cikin kwana 90. Amma mu lura da kyau, kwana 90 ɗin yana farawa ne daga ranar da hukuma ta yanke cewa lalle akwai rara, bayan ta binciki lissafin mutum. Ranar da aka miƙa takardar nema ba ta cikin ƙidayar. A wajen binciken ne watanni ke shuɗewa. Suna ya sha bamban tsakanin takardar albashi da katin ɗan ƙasa da asusun banki, abin da ke yawan faruwa da sunayenmu na gida waɗanda kowane magatakarda ke rubutawa yadda kunnensa ya ji. Ko mutum yana da lambar haraji biyu, ɗaya daga tsohuwar jiha ɗaya daga sabuwa. Ko ma'aikatar da ta cire kuɗin ba ta kai wa hukuma ba. Ko akwai shekarar da mutum bai cike takardar bayyana kuɗin shiga ba, sai a ce ya fara gyara wannan tukuna. Banda wannan, daga asusu na musamman ake biyan irin wannan kuɗi, kuma kowa ya san baitulmali ya fi saurin karɓa a kan bayarwa.

Matakan gyara

Na farko, rigakafi ya fi magani. Kowane ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ta wata-wata, ya tambayi ofishin albashi wace jiha ake aika harajinsa. Masu ɗaukar ma'aikata suna miƙa bayanan shekara ne zuwa 31 ga watan Janairu, mu kuwa ɗaiɗaikun mutane zuwa 31 ga watan Maris. Cirar da ake yi daga albashi ba ta ɗauke wa mutum wannan nauyi ba. Tarar rashin miƙawa N100,000 ce a watan farko, sannan N50,000 a kowane wata da ya biyo.

Na biyu, a daidaita suna. Tun da lambar katin ɗan ƙasa ce yanzu ke zaman lambar harajin mutum, sunan da ke kanta shi ya kamata ya kasance a wurin aiki da banki, harafi da harafi.

Na uku, wanda ya gano kuskure a bayanin da ya miƙa ya rubuta wa ofishin harajinsa, ya faɗi shekarar da kuskuren ya shafa, ya haɗa da lissafin da ya gyara da kwafin shaidu: rasidin haya, takardun albashi, rasidin cira daga tushe, bayanin asusun banki. Idan gyaran ya nuna shi ake bi, ya biya da wuri kafin tara da kuɗin ruwa su taru. Idan shi ke bi, ya nemi a mayar masa. Doka ta ba da shekara shida daga ƙarshen shekarar da abin ya shafa, bayan haka ƙofa ta rufe. Saboda haka kada a zubar da takardar haraji kafin ta cika shekara shida.

Na huɗu, zuwa da kai ya fi saƙo. A kai takarda kwafi biyu, a sa a buga hatimi da kwanan wata a kan wadda za a dawo da ita gida. Idan ta intanet aka aika, a buga shaidar karɓa a ajiye. Alkawarin baki na wani jami'i ba ya zama hujja ranar da aka canja masa wurin aiki.

Na biyar, doka ta ba da zaɓin a bar rarar a hannun hukuma a riƙa cire ta daga harajin gaba. Ga ɗan kasuwa mai biya kowace shekara, wannan kan fi sauƙi a kan jiran kuɗi a hannu. Amma a tabbata an samu amincewar a rubuce.

Na shida, idan hukuma ce ta aiko da ƙiyasin harajin da mutum bai yarda da shi ba, kwana 30 kawai gare shi ya rubuta ƙin amincewa tare da dalilansa. Idan ya yi shiru, ƙiyasin ya zauna. Ita ma hukumar an ba ta kwana 90 ta amsa, in ba ta amsa ba an ɗauka ta karɓi ƙorafin. Wanda bai gamsu da amsar ba yana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Sabuwar dokar ta kuma kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji, inda ake kai kukan jinkiri da wulaƙanci daga jami'ai.

Muna kuma jan kunnen 'yan uwa game da 'yan na-kama da ke cewa za su fito da takardar shaidar haraji cikin kwana ɗaya, ko su karɓo rara a raba. Takardar jabu sunan mai ita take ɗauke da shi, kuma shi za a kama. Kuɗin haraji a asusun gwamnati ake zuba shi, a karɓi rasidi.

Rawar da ƙungiya za ta taka

Kakanninmu sun san cewa gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya gayya ake kira mata, kuma al'adar golmo ta koya wa samarinmu aiki tare tun suna ƙanana. Allah Ya albarkaci ƙasar Zuru da akantoci da lauyoyi da tsofaffin ma'aikatan kuɗi. Muna ba da shawarar kowane reshe ya zaɓi mutum biyu ko uku daga cikinsu, su keɓe rana guda a watan Fabrairu don duba takardun 'yan uwa kafin wa'adin Maris. A fara da zawarawa da magada, waɗanda sau da yawa ba su san abin da mamacin ya bari a hannun hukuma ba, sai ƙananan 'yan kwangila da matasan da suka fara aiki. Lokacin bikin Uhola da hutun ƙarshen shekara, sa'ad da muke haɗuwa a gida, a yi wa 'yan kasuwar garin irin wannan bayani da harshen da za su fahimta. Ita ma ƙungiyar ta duba nata takardun rajista da na asusu, don kada mai wa'azi ya zama shi ne ba shi da alwala.

Kammalawa

'Yan uwa, biyan haraji nauyi ne a kanmu, kuma wanda ya biya yana da bakin tambayar ina hanyar da aka yi alkawari, ina maganin asibiti, ina tsaron da manomanmu na Danko-Wasagu da Sakaba ke buƙata don su koma gonakinsu. Amma abin da ya wuce ƙa'ida haƙƙin iyalinmu ne, kuma mafi yawan abin da muke ginawa a gida daga aljihun mazauna birni yake fitowa. Muna roƙon kowa, in ya koma masauƙinsa, ya nemi jaka ɗaya ya tattara rasidin haya da takardun albashi da duk wata takardar haraji, ya kawo ta zaman reshensu na watan Fabrairu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba ƙasar Zuru da Jihar Kebbi da Nijeriya zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.