Yadda Masana Ke Gano Tarihin Kakanni



Jawabin wannan wata a kan tsofaffin kaya ne. Manomi yakan yi huɗa, garma ta tono tsohuwar tukunya. Mai haƙa rijiya yakan ci karo da duwatsun wuya. Wani kuma ya gaji tsofaffin takardu a gafaka, ya jefa su ƙarƙashin gado. Mutane da yawa suna ganin tarkace ne. To, da irin waɗannan kaya masana suke gano yadda kakanni suka zauna.

Akwai wani zamani da masana suke kira tsakiyar zamani. Ya kama daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 Miladiyya. A cikinsa ne Kano da Katsina suka zama birane. Ba wanda ya ga zamanin da yake raye yau. Don haka masana suna neman shaidu biyu: takarda da ƙasa.

Shaidar takarda

Akwai wani littafi da aka rubuta da Larabci, ana kiransa Tarihin Kano. Ya jera sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Ya faɗi yawan shekarun da kowane sarki ya yi. Wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908. Ya yi lissafi da baya da baya, ya sa hawan Bagauda a shekara ta 999.

A littafin nan aka ji cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. A nan aka ji Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Amma littafin ba a zamanin Bagauda aka rubuta shi ba. An haɗa shi ne ɗaruruwan shekaru bayansa, daga abin da aka ji a bakin magabata. Labarin da ya daɗe yana yawo yakan ƙaru, yakan ragu. Shi ya sa masana ba su tsaya a kan takarda kaɗai ba.

Shaidar ƙasa

Littafin ya ce akwai mutane a Dutsen Dala kafin zuwan Bagauda. Bai faɗi shekara ba. Sai aka samo wurin narka tama a Dala, aka gwada. Gwajin ya nuna ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ƙarni ɗaya shekara 100 ke nan. Ashe maƙera sun riga Bagauda da kamar shekara 300.

Yaya ake wannan gwaji? Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana da wani sinadari a jikinsa, ana ce masa kabon 14. Da zarar ya mutu, sinadarin yana raguwa a hankali. Rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi, sai a san kimanin shekarunsa.

Wurin da abu yake kwance shi ma shaida ne. A dubi juji. Sharar bara tana ƙasa, ta bana tana sama. Haka ƙasar kufai take. Shi ya sa masu binciken ba sa haƙa da gaggawa. Suna kankare ƙasa kaɗan kaɗan, suna aunawa, suna rubutawa, suna ɗaukar hoto.

Abin da aka samu a Durɓi

A ƙasar Mani ta Jihar Katsina akwai wani wuri, Durɓi ta Kusheyi. Akwai tuddai a wurin, waɗanda kaburburan manya ne na dā. Palmer ya fara tona su a 1907. A 1992 aka sāke tona wasu. Aka kai kayan garin Mainz na Jamus, aka gyara su, aka yi nazarinsu.

An sami mundaye, da kayan hauren giwa, da zinariya, da wuri, da wata tasa ta ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Gabas. Kaburburan sun kai shekara 500 zuwa 700. Wuri dai daga teku yake fitowa, kuma babu teku a Katsina. Wannan ya nuna tun a lokacin fatake suna kawo kaya daga nesa ƙwarai. Da ɓarayi ne suka riga zuwa, da an narka zinariyar, an sayar da tasar, labarin ya ɓace.

Abin da ya kamata a yi

Akwai dillalai da suke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya da ɗan kuɗi kaɗan. Su fitar da su waje, su sayar da tsada. Abin da aka cire daga inda yake ya zama kamar shafin da aka yage daga littafi. Kuma doka ta hana. A Nijeriya, dokar 1979 ta ɗora kula da kayan tarihi a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ba a tona su ko a fitar da su waje sai da izini.

Wanda ya ci karo da irin wannan a gona:

1. Ya dakata da haƙa.
2. Kada ya fasa tukunya don neman dukiya.
3. Kada ya wanke, kada ya kwashe gawayi ko ƙashin da ke wurin.
4. Ya rufe wurin, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, a kai magana gaba.

Mai tsofaffin takardu kuma ya sani abokan gabansu su ne gara, da laima, da ɓera, da wuta. Ya ɗaga su daga ƙasa. Ya bar su a jere yadda ya same su, cikin gafaka. Kada ya manna su da gam, kada ya yi rubutu a kansu. In yana son a duba, akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Gidan Makama a Kano. Ana iya ɗaukar hoton takarda, mai ita ya koma gida da abarsa.

Jama'a, wanda ya koyi karatu shi ne idon ƙauyensu. Ya karanta wa maƙwabta wannan jawabi, musamman masu haƙa rijiya da masu haƙar ƙasar gini. Gonar da ta ƙi bana ana iya sāke shuka ta baɗi. Tukunyar kakanni kuwa in ta fashe, babu maginin da zai gina wata.

Allah Ya ba da ikon kiyayewa, amin.