Iska a Cikin Ƙyalle: Jawabi ga Ɗaliban Ƙasar Gwandu



Dukanmu mun san yadda ruwa kan cika fadamun Kalgo da damina, har manomi ya rasa hanyar zuwa gonar shinkafarsa in ba da kwalekwale ba. Ba mu kuma manta da haɗarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021 ba, inda aka yi hasarar rayuka masu ɗimbin yawa. Talaka kuwa bai iya sayen rigar da ke hana nutsewa, domin daga ƙetare ake kawo ta da tsada. To, shin ba za mu iya fara gwada yin tamu ba?

Lalle tsare iska ba baƙon abu ba ne gare mu. Maƙeri na da zugazuginsa na fata, masuncin Argungu kuma bisa gora yake yawo a kan gulbi. Ilmin kimiyya ya nuna cewa lita 1 ta iska na ɗaukar nauyin kusan kilo 1 a cikin ruwa, wato lita 15 ta isa ta riƙe kan babban mutum sama da ruwa.

Ga yadda gwajin yake. Akan samo ƙyallen nailan wanda aka shafe fuskarsa guda da wata roba mai narkewa da zafi, ana kiranta TPU. A yanka falle biyu, a haɗa su roba na duban roba, a ɗora takardar da ba ta mannewa, sa'an nan a bi gefuna da dutsen guga sannu a hankali. Ba allura, ba zare, domin kowane hujin allura ƙofa ce ga iska. In zafi ya gaza, bakin zai ɓalle. In ya yi yawa, ƙyallen ya ƙone. Saboda haka da ƙananan ƙyallaye ake farawa. Layukan da aka manne a tsakiya su ne ke ba abin siffa, kamar yadda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna a 2016.

In an sa bawul an hura, sai a koma ga dabarar mai faci: a tsoma cikin ruwa a duba inda kumfa ke tasowa, a bar shi ya kwana a hure. Wajibi ne a raba cikinsa gida biyu, don in ɗaya ya huje ɗayan ya riƙe. Kada kuwa wanda ya kuskura ya ɗora ran ɗan Adam bisa abin gwaji kafin masana su tabbatar da ingancinsa.

'Yan'uwa, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a kan hanyar Kalgo, ga teloli da masu faci a kasuwannin Gwandu. Mu haɗa abin da muka karanta da gwanintar hannunsu, mu fara da ƙyalle ɗaya a wannan hutu, tun kafin ruwa ya sake cika fadama.

Allah ya yi mana jagora, amin. Wassalam.