Tarin fuka bai san iyaka ba

'Yan uwa na Nzeng-Ayong, da danginmu na Bitam da Oyem.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Gabon cikin ƙasashe 30 da tarin fuka ya fi addaba. Maganinsa wata shida ne cur. Ɗan kasuwa ya fara sha a Bitam, ya tsallaka Kye-Ossi fatauci, magani ya yanke, cutar ta dawo ba ta jin magani, ta bi iyalinsa.

Asibitin Nkembo kaɗai ba zai ɗauki nauyin ƙasa ba. Jam'iyyarmu na neman yarjejeniya da Kamaru, katin majinyaci ɗaya ya yi aiki ko'ina. Ku ba mu ƙuri'unku.